Itace 200, awaki da takardu: yadda muka sami izinin raya wani fako kusa da Tawa

Ranar 3 ga Agusta 2021, ranar da ake dashen itace a duk faɗin Nijar, mu 14 muka loda 'yan itace 200 a bayan mota muka kai wani fako da ke kamar kilomita 12 daga garin Tawa. Muka haƙa ramuka, muka dasa, muka ɗauki hoto muka sa a Facebook. Daren nan na kwanta ina jin kamar mun taka wa hamada birki. Da muka koma bayan girbi, a ƙarshen Oktoba, 11 muka ƙirga da rai. Awaki sun yi kalaci da mafi yawansu, sauran kuma sun bushe a tsaye, don ƙasar wurin tauri gare ta kamar daɓe, ruwa na sauka yake gangarewa. Muna tsaye muna jimami sai ga wani dattijo a kan jaki. Ya yi sallama, ya dube mu, ya dubi ramukan, ya ce: "Samari, wa ya ba ku wurin ga?" Babu wanda ya iya amsawa. Wannan tambayar ce ta jefa mu cikin yawon ofisoshi na kusan shekara guda, kuma na rubuta yadda ta kaya ne don masu irin niyyarmu su rage wahala.

Mu ba wasu manya ba ne. Malaman makaranta ne mafi yawanmu, da ma'aikatan jinya biyu, da tela guda, da wani ɗan kabu-kabu da ya fi kowa sanin sunayen tsuntsaye. Abin da ya haɗa mu tun farko yawon kallon tsuntsaye ne a tabkin Tabalak, wanda ke kan hanyar Agadas, aka kuma sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2005. Wanda ya saba zuwa can ya san yadda koramu ke kwaso yashi daga tsandauri suna zubawa cikin tabkuna. Ganin haka ne ya sa muka ce kallo ya isa, a taɓa wani abu. Ni aka ɗora wa aikin magatakarda, don kawai ina da kwamfuta.

Wurin da muka fara zuwa, a watan Nuwamba, ofishin gandun daji ne. Na tafi da fargaba, ina zaton tara za a ci mu. Jami'in da ya karɓe mu ya saurara har muka gama, ya yi dariya, ya ce ba mu ne na farko ba. Ya lissafa mana abu uku: takardar ƙungiya, takardar fili, da mai gadi. Ya ce in babu ta farko ba zai iya rubuta sunanmu a ko'ina ba, ko ya ba mu iri da ma'aikaci. In babu ta biyu rigima za mu shuka. In babu na uku kuwa kiwon awakin mutane muke yi kyauta. Na ce, "Shef, wace za mu fara?" Ya ce duka tare. Mu kuwa da yake 'yan boko ne, kunnenmu takardar ƙungiya kawai ya ji. Nan muka yi kuskuren da ya ci mana wata uku.

Dokar da ke tafiyar da ƙungiyoyi a Nijar a lokacin ita ce ta 1 ga Maris 1984, wadda aka yi wa gyara a 1991. A taƙaice, kuna yin babban taron kafa ƙungiya, ku amince da kundin tsarinku da dokokin cikin gida, ku zaɓi shugabanni, ku rubuta rahoton taron, sannan ku kai duka wurin hukumar da mazaunin ƙungiyar yake ƙarƙashinta. Su ba ku resepise, wato shaidar sun karɓi takardunku, na wucin gadi, dosiye ya wuce Yamai, ministan cikin gida ne mai sa hannu a kan arete, wato takardar izinin aiki. Mun yi taronmu a farkon Disamba a wani aji, bayan la'asar. Duk takardun da Faransanci ake rubuta su, don haka na ari kundin wata ƙungiyar abokina na bi shi ina sauya suna. Ranar da na kai, ma'aikaciyar da ke karɓa ta buɗe shafi na biyu ta nuna mini da bakin biro: mazaunin ƙungiya na nan a rubuce Madawa. Na manta ban goge ba. A wani shafin kuma na kira mu ƙungiya, a wani na kira mu ONG, irin ƙungiyoyin nan masu zaman kansu na ayyukan raya ƙasa, alhali ba hanya ɗaya suke bi ba, ta ONG ta fi tsawo da yawan sharuɗɗa. Ta miƙo mini takarduna ta ce, "Mushe, a je a sake duba wa." Kunya ta rufe ni, ni da ke jan jar biro a takardun yara kullum.

Sai batun takardun shugabanni. An nemi kowane ɗan biro, wato kwamitin shugabanni, ya kawo takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da kaziye, wato shaidar kotu cewa ba a taɓa ɗaure shi ba. Abu biyu ne ba mu sani ba game da kaziye. Na ɗaya, a kotun inda aka haifi mutum ake karɓar sa. Ma'ajiyarmu haifaffiyar Ƙonni ce, mataimakin shugaba na Buza, sai da kowa ya nemi ɗan'uwa a can ko ya yi tattaki da kansa. Na biyu, wata uku yake yi ya mutu. Ni da na yi azarɓaɓi na karɓi nawa tun tsakiyar Nuwamba, saura ƙiris ya lalace kafin na Buza ya iso. Da mun sani da mun rage 'yan biro zuwa biyar maimakon tara, don kowane mutum ƙari ne na tambur da fotokofi da buga hatimi da jira. Na riƙe lissafin a bayan kayena: tsakanin tambur, fotokofi a dala biyar-biyar kowane shafi, buga takardu sau uku, da kuɗin kabu-kabu, mun kashe jika 41, jika ɗaya kuwa CFA 1,000 ce. Daga karo-karon CFA 500 da muke yi kowane wata aka fitar, aka cika da aljihun shugaba. Wani ƙaramin abu: kada ka je ofishi ranar Juma'a da niyyar gama aiki, rabin yini ake yi. Sau biyu ina cin wannan duka.

Mun ajiye cikakken dosiye a tsakiyar Janairu 2022, aka ba mu resepise. Bayan kamar mako uku aka kira shugabanmu ofishin 'yan sanda. Matarsa ta bugo mini waya hankali tashe, tana cewa ita dama ta faɗa masa ya bar harkar itacen nan. Ashe binciken hali ne da ake yi wa masu kafa ƙungiya: ina kake aiki, ina kuke samun kuɗi, kuna da alaƙa da wata jam'iyya, wa ke bayanku daga waje. Minti ashirin aka yi, ya fito. A gaya wa iyali tun da wuri cewa wannan kiran na nan tafe. Areten kansa sai a watan Agusta ya iso hannunmu, wata bakwai ke nan, kuma wani ɓangare na jinkirin laifina ne, don da wani ɗan'uwa a Yamai ya ce zai bibiya mana, ya tambaye ni lambar takardar da aka aika dosiyen da ita, ban da ita, ban ma san ana tambaya ba. Bayan arete akwai sanarwa a jaridar gwamnati, ita ma da kuɗinta.

Da resepise a aljihu muka koma wurin Shef a farkon Fabrairu muna taƙama. Ya duba, ya ce madalla, ina takardar fili? Muka yi tsuru-tsuru. Ya ce ai da tun Nuwamba muka fara, don ita ba ta jiran kowa a Yamai, a ƙauye ake yin ta.

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan na fi koyon abu. Mun je gaida maigari da goro da sukari, dattijon nan mai jaki ashe ƙanensa ne. Bayan gaisuwa shugabanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ga fakon can babu mai shi, shi ne muke so mu raya." Maigari ya yi shiru, ya gyara rawani, sannan ya ce, "Ɗana, ƙasar Adar duk ba ta da wurin da ba mai shi. Ba a noma shi dai. Ranar da ciyawa ta hito za ka ga masu shi." Gaskiyarsa. Kafin a yi mako biyu gidaje uku sun fito, kowa na cewa kakansa ya noma gefen nan kafin yunwar shekarun 1970, gefen gabas kuma ashe burtali ne da garken Fulani da na Buzaye ke bi in za su hau arewa da damina, su gangaro da kaka. Itacenmu na bara, kusan rabinsu a tsakiyar burtalin muka dasa su. Awakin da muka yi ta tsine wa a kan hanyarsu suke.

Tun 1993 Nijar ke da kundin dokokin karkara, shi ya kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo: akwai na ƙauye, wanda maigari ke shugabanta, da na kwamin, da na departama. A na ƙauye akwai wakilin manoma, da na makiyaya, da na mata, da na matasa. Su ne ke ba da shaidar gado ko saye ko kyauta ko aro na gona. Burtali da makiyaya kuwa doka ta hana kowa mallake su, dokar kiwo ta 2010 ta ƙara jaddada haka. Zama uku aka yi a gindin wani gawo da ke ƙofar maigari. Na farko ya watse don wakilin makiyaya na can wurin rijiya da bisashensa, maigari kuma ya ce ba ya yanke magana a bayan idon mutum. Haushi ya kama ni ranar, mun ƙona mai a banza, amma daga baya na gane da an yi ba shi da takardar ba ta fi ta ƙunsa ƙosai daraja ba. A zama na biyu wakilin ya zo, dogo, mai ƙarancin magana. Tambaya ɗaya ya yi: in wurin ya yi ciyawa, ta wa ce? Mu ba mu taɓa tunanin ciyawa ba, itace kawai ke kanmu. A kan wannan aka kwashe awa biyu. Aka tsaya a kan cewa za a hana kiwo a wurin shekara uku, ba za a taɓa burtali ba ko taku ɗaya, ciyawa kuma in ta bushe a yanka a sayar wa masu dabbobi da rahusa, kuɗin ya shiga asusun gadi. Filin na nan na masu shi, mu aiki kawai muka zo yi. Ekta 10 muka zo nema, muka tashi da 3.

A zama na uku aka karanta yarjejeniyar da Hausa, kowa ya dangwala yatsa. Sakataren Kofon kwamin ya zo da na'urar auna fili, aka zagaye iyaka ana tara duwatsu ana shafa musu farar ƙasa. Mu muka zuba man babura biyu muka yi abincin rana, jika 18. Ranar 9 ga Maris muka karɓi kofinmu mai hatimi.

Yanzu fa lokaci ya ƙure. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka fara neman wuƙa. Aikin fako da rani ake yin sa, a gama kafin ruwan farko. Shef ya haɗa mu da wani ma'aikacinsa, ya zo da siririn tiyo mai haske, tsawonsa ya kai mita goma, cike da ruwa, an ɗaure kowane baki a jikin sanda mai zane-zane. Mutum biyu ke riƙewa. Ɗaya ya tsaya, ɗayan ya yi ta matsa sandarsa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya a zane ɗaya a duka sandunan, sai a kafa turke. Haka ake fitar da layin da yake daidai wa daida a jikin gangare. Ni da idona na rantse wurin shimfiɗe yake, tiyo ya ƙaryata ni. A kan layin ake zana rabin wata, faɗin mita 4, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, a haƙe cikin a tara ƙasar a bayansa kamar kunya, layi na biyu kuma a saɓa shi da na farko don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Ekta ɗaya na cin 313. Namu uku, 939 ke nan. Ya ce ƙaƙƙarfan mutum uku yake yi a yini. Ni ranar farko ɗaya da rabi na yi, diga na tashi kamar na sari ƙarfe, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe.

Mun zaci mutanen gari za su fito gayya. Ranar farko sun fito kuwa, sun fi 40, da diga da shebur, sai wata dattijuwa ta tambayi ma'ajiyarmu, "Ɗiyata, nawa ne ramin?" Ba rashin kirki ba ne. Mutanen Adar sun fi mu sanin wannan aiki nesa ba kusa ba. Tun aikin Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, inda mata suka yi ta ɗaukar dutse ana ba su abinci, har zuwa tassa ta yankin Illela, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa, da gandarin duwatsu da suka gada, sun saba purojé ne ke zuwa ya biya. Da muka ce mu ba purojé ba ne, ba mu da ko dala, washegari mutum 9 suka dawo. Laifinmu ne da ba mu faɗi wannan da babbar murya tun a gindin gawo ba. Sannan azumi ya kama a farkon Afrilu, cikin zafin da ya wuce digiri 40. Muka koma fita bayan asuba ranakun Asabar da Lahadi, mu ajiye diga kafin hantsi. Zuwa ƙarshen Mayu rabin wata 412 muka haƙa. Ko rabi ba mu kai ba.

Renon iri ma a makare muka fara, ƙarshen Maris, a bayan gidan tela inda akwai famfo. Bagaruwa da dakwara da aduwa da magarya muka zuba a baƙar leda, yashi da taki a gauraye. Ƙwayar bagaruwa sai an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, in ba haka ba ta yi ta zama a ledar ba ta tsiro; leda 100 muka yi asara kafin wani ya gaya mana. Dogon yaro kuwa, wanda muka cika wurin da shi bara don shi muka sani, ma'aikacin ya ce mu bar shi. Ya yi kyau a kwarin Majiya, inda aka jera shi layi-layi tun 1975 don tare iska, amma can ruwa na kusa. Kan fako ba wurinsa ba ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki ƙanen maigari ne ya nuna mana shi, ba wani ofishi ba. Wata safiya ya kira ni gefe, ya tsuguna gaban wani ɗan cunkus na sabara da bai kai gwiwa ba, irin wanda muke takewa mu wuce. Ya tone gindin da hannu, sai ga kututture mai kaurin cinya. Ya ce, "Mushe, wanga icce ya girme ka. Saiwarshi na can ƙasa wurin ruwa." Ya zaro wuƙa ya sare rassan, ya bar uku mafi miƙewa, ya share musu ƙananan reshe har rabi, ya ɗaura tsumma ja a jikin ɗaya don masu neman itacen wuta su san da mai shi. Sassaben zamani ke nan, wanda ya bazu daga yankin Maradi tun shekarun 1980, aka kuma ƙiyasta ya mayar da itace kusan miliyan 200 a gonakin Nijar. Na sha koya wa ɗalibai wannan a allo, ban taɓa tsugunawa na duba ba. A ekta ukun nan muka sami kututture 260 masu rai, sabara da geza da kalgo da anza, ba leda, ba ban ruwa, ba ko dala.

Mun yi dashe a mako na uku na Yuli, bayan Layya, da ruwa ya zauna sosai, ba mu jira 3 ga Agusta ba. Ɗan itace ɗaya a kowane rabin wata, muka watsa irin ciyawa a kan kunyar. Mai gadi ɗan garin ne, maigari ya zaɓe shi, muna ba shi jika 15 a wata, kuma wannan kuɗin ne ya fi kowane ciwo, don shi ba ya ƙarewa. Waya ba mu saya ba, kuɗinta ya fi ƙarfinmu, kuma wakilin makiyaya ya ce in suka ga waya za su ɗauka an ƙwace wurin ne.

Wanda zai bi wannan hanya, ga yadda zan yi da zan sake. Ƙauye zan fara zuwa, tun Oktoba, in tambayi na wane ne wurin da kuma ina dabbobi ke bi, in nemi wakilin makiyaya da kaina kafin a kira taro. Takardun ƙungiya su tafi a gefe, da 'yan biro kaɗan, a karɓi kaziye duka cikin mako ɗaya, a rubuta lambar kowace takarda da aka ba ka ko aka aika da sunanka, a ajiye kofi biyu a gida biyu. In faɗa a bainar jama'a cewa babu biya. In nemi ekta ɗaya maimakon goma. In ƙirga kututture kafin in sayi leda ko ɗaya. In kuma tabbatar da kuɗin gadi na shekara guda a hannun ma'aji kafin a sari ƙasa.

A watan Mayu 2023, ƙarshen rani, muka sake ƙirga. Cikin 412 da muka dasa, 171 na da rai, yawancinsu bagaruwa da dakwara. Magarya ta ba mu kunya. Cikin kututture 260, bakwai kawai aka sare, wasu sabarar sun kai kafaɗata. Matan garin sun yanka ciyawa dami 63 a Nuwamba, kuɗin ya biya mai gadi wata biyu da 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikin gidaje ukun nan kuma ya aiko yana tambaya ko zai iya shuka gero a cikin rabin watan da ke gefensa tun kafin shekara ukun ta cika. Maigari ya sa zama ranar kasuwa mai zuwa, ya ce in zo da kofin yarjejeniyar.